An yi wa Saroo kuka, 'yar riƙo na wanke-wanke a tsakar gida

Satin nan abin da ya tsaya wa mai wannan fili a rai ba siyasa ba ce, ba kuma tsadar taki ba ce, duk da masu karatu sun san ba ya gajiya da maganar takin. Wani fim ne, da maganganun da suka biyo bayansa. Ta'aziyya ce ta kai shi gida Rano, da daddare ya tarar da samari da 'yan dattawa sun yi cincirindo a ƙofar shagon wani mai cajin waya, an ɗora kwamfuta a kan benci, wani ɗalibi yana yi musu fassara. Fim ɗin Lion ne, na 2016. Ya kwana biyu, amma haka fim yake yawo a karkara: mai turi ya zuba wa mutum ɗaya a waya, kafin mako ya zagayo ya kai Rurum, ya kai Tarai.

Labarin gaskiya ne, shi ya sa ya kama mutane. A 1986 wani yaro ɗan shekara biyar, Saroo, ya matsa wa wansa Guddu sai ya bi shi neman na abinci cikin dare. A tashar jirgin ƙasa ta Burhanpur barci ya kwashe shi, ya farka bai ga wansa ba, ya shiga wani tarago yana nemansa, jirgi ya tashi da shi. Bai sauka ba sai a Kalkata, tafiyar kusan kilomita 1,500, wato ta fi daga Kano zuwa Legas nesa ba kusa ba. Yaren garin ba ya ji. Sunan unguwarsu, Ganesh Talai, bakinsa bai iya faɗa daidai ba, don haka babu wanda ya gane inda yake nufi. Ya yi makonni yana kwana a titi kafin a kai shi gidan marayu, a 1987 kuma wasu mata da miji 'yan Ostireliya, John da Sue Brierley, suka ɗauke shi zuwa garin Hobart na tsibirin Tasmaniya. Ya girma a can, ya yi karatu, amma hoton tankin ruwan tashar nan bai bar kansa ba. Ya shafe shekaru yana bin layukan dogo ɗaya bayan ɗaya a Google Earth har ya gano garinsu, Khandwa. A watan Fabrairun 2012 ya tsaya a gaban mahaifiyarsa, bayan shekara 25. A ranar ya ji cewa Guddu jirgi ne ya taka shi a daren da suka rabu. A ranar kuma ya san cewa sunansa na yanka Sheru ne, ma'ana zaki, shi ne ya kasa furtawa tun yana ƙarami.

Da aka zo wurin haɗuwar uwa da ɗa, majalisar nan ta yi tsit. Gardawa majiya ƙarfi suna fakewa da gyaran hula suna share ido. Mutanen da suka tashi da kallon fina-finan Indiya ba sa buƙatar tafinta a irin wannan wuri.

Ana rufe kwamfuta musu ya ɓarke. Wani saurayi ya ce Saroo butulu ne, matar da ta ci kashinsa da fitsarinsa ta ilimantar da shi, ya ɓoye mata yana neman wata. Wani mai ɗan ilimin addini ya ce shi tun farko bai ga abin yabo ba, Turawa sun sayi ɗan mutane sun raba shi da yarensa da addinin ubansa, kuma ai ɗaukar ɗa haramun ne a Musulunci, magana ta ƙare. Amma wadda ta fi ƙona ran mai wannan fili ita ce ta wani dattijo da ya girme wa kowa a wurin. Ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Kai yaro, kun dai gani da idonku. Tsintacciyar mage ba ta mage. Komai ka yi wa ɗan wani, ranar da ya yi ƙarfi gidansu zai nema." Aka yi ta gyaɗa kai ana cewa, "Gaskiya ne, Baba."

Ba gaskiya ba ne, kuma fim ɗin da suka gama kallo a lokacin shi ya ƙaryata shi. Saroo bai gudu daga gidan Brierley ba. Ya ga mahaifiyarsa, ya tsaya mata da hidima, ya koma Ostireliya wurin waɗanda suka raine shi, har yau sunansu yake amsawa. A 2013 Sue da kanta ta bi shi Indiya, iyayen mata biyu suka rungumi juna suna kuka, kuma ainihin hoton wannan haɗuwa shi aka rufe fim ɗin da shi. Tun yaron yana ƙarami matar nan ta manna masa taswirar Indiya a bangon ɗakinsa don kada ya manta inda ya fito. Wanda ya kalli wannan duka ya tashi da darasin cewa riƙon ɗan wani asara ne, to da darasinsa ya zo tun daga gida.

Kwana biyu bayan haka mai wannan fili ya ƙarasa Kibiya gaida 'yan uwa, ya tarar fim ɗin ya riga shi isa. A nan mata ne ke kallo a waya, an jingina ta da kwanon sha a kan tabarma, su biyar sun haɗa kai. Ra'ayinsu ya sha bamban da na maza, ya kuma fi shi tausayi. Su abin da ya taɓa su uwar Saroo ce, wadda miji ya bari da yara ya auri wata, take ɗaukar duwatsu a wurin gini don ta ciyar da su, ta kuma ƙi barin unguwar shekara 25 saboda kada yaron ya dawo bai same ta ba. Wata ta ce ita da ta haukace. Wata ta kasa gane yadda Sue, da lafiyarta, za ta ce ita da mijinta sun zaɓi kada su haihu don su raini waɗanda suka riga suka zo duniya ba su da kowa. Aka yi ta salati ana jinjina abin.

A bakin ƙofar ɗakin akwai wata yarinya tsaye, ba za ta wuce shekara tara ba. Zanenta ya jiƙe daga gaba, hannunta duk kumfar sabulu, ƙafarta ta yi kaushi irin na babbar mace. Ta miƙo wuya tana leƙen wayar daga nesa, daidai wurin da ƙaramin Saroo yake gudu cikin tasha yana kiran sunan wansa. Uwar gidan, hawaye na kwance a kumatunta saboda ɗan Indiya, ta ɗago kai ta daka mata tsawa: "Ke! Kin gama wanke-wanken ne kika zo kika tsaya wa mutane a ka?" Yarinyar ta ce, "Saura tukwane, Inna," ta juya.

'Yar ƙanin maigidan ce. Ubanta ya rasu shekara uku da suka wuce, uwarta ta yi wani auren a wani ƙauye, sabon mijin ya ce shi ba zai riƙe agola ba. Aka yi zaman dangi aka ce baffanta ya ɗauke ta, kowa ya sa masa albarka. Yaran gidan su huɗu da safe suna tafiya boko, da yamma Islamiyya. Ita da safe ɗiban ruwa da shara, da hantsi ta ɗauki farantin talla, da yamma surfe da wanke-wanke. Da Sallah an yi wa yaran gida ɗinki iri ɗaya, ita aka rage mata wata tsohuwar atamfar babbar 'yar gidan. Idan baƙo ya tambaya sai a ce ai 'yarmu ce, babu bambanci. Babu wanda ya sace ta, babu wanda ya canza mata suna ko addini, sunan ubanta na nan a bayan nata. Duk abin da mai ilimin majalisar Rano yake tsoron Turawa sun yi wa Saroo, ba a yi mata ko ɗaya ba. Amma Saroo ya samu uwa a gidan bare, ita kuwa ba ta samu a gidan ɗan uwan ubanta ba.

Mai wannan fili ya yi wa baffan magana a zaure. Amsar da ya samu ita ce wadda kowa ya sani: "Malam, ai cin ta da shan ta ma ƙoƙari ne a wannan zamani." Tsadar rayuwa gaskiya ce, babu mai musun ta. Sai dai tsadar ba ta hana 'ya'yansa huɗu zuwa makaranta ba, kuma tun 2019 gwamnatin Kano ta ayyana karatun firamare kyauta ne kuma dole.

A koma kan mai cewa haramun ne, don shi ne ya fi kowa buƙatar a zauna da shi. Ko ya manta da Zaidu ɗan Harisa? Yaro ne da mahara suka kama yana tare da mahaifiyarsa, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, Hakimu ɗan Hizam ya saya wa gwaggonsa Nana Khadija, ita kuma ta ba Manzon Allah (SAW). Ubansa ya yi shekaru yana cigiya, har labari ya kai masa cewa yaron yana Makka. Ya zo da ɗan uwansa da kuɗin fansa. Aka ba Zaidu zaɓi, ba tare da an karɓi ko kwabo ba, ya zaɓi ya zauna wurin wanda ya riƙe shi, saboda irin riƙon da ya gani. Aka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu har Suratul Ahzab ta sauka ta yi umarni a riƙa danganta kowane ɗa ga ubansa na jini. Abin da aka soke ke nan: goge nasaba, da gadon da ake ginawa a kanta. Ba a kori Zaidu daga gidan ba. Ya ci gaba da zama abin ƙaunar Annabi har ya yi shahada a Mu'uta yana jagorantar runduna, ɗansa Usama ya tashi a gidan tamkar jika. Eh, sunan Brierley da aka liƙa wa Saroo bai dace da wannan hukunci ba, a faɗi haka a wuce.

Hukuncin fuska biyu gare shi, kada a canza asali, kuma a kyautata riƙo. Bahaushen yau ya rungumi ta farko da hannu biyu saboda ba ta cin ko sisi, ta biyun kuwa ya yi mata riƙon sakainar kashi. Alhali malaman Malikiyya da ake karanta littattafansu a zaurukan Rano ba su bar wata ƙofa a rufe ba. Ɗaukar jaririn da aka tsinta farilla ce ta kifaya, idan gari duka ya ƙi, gari duka ya yi laifi, kuma yaron ɗa ne mai cikakken 'yanci. Mai tsoron zaman balagagge da matan gida, shayarwa a cikin shekara biyun farko tana mayar da yaro muharrami. Mai cewa ɗan riƙo ba ya gado, an ba shi damar wasiyya har sulusin dukiyarsa, an kuma ba shi damar ya yi kyauta da ransa da lafiyarsa, gona ce ko gida. Matsayin mai riƙon maraya a lahira kuwa, yaron da ke aji biyu a Islamiyya ya haddace shi. Mutum nawa ne a cikin masu ɗaga murya da kalmar haramun suka taɓa rubuta wa marayan gidansu wasiyyar ko da kwata ɗaya ta gona?

Kuma riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, da za a ce Turawa ne suka zo da shi. Kunyar ɗan fari ta sa dubban mutane sun tashi a ɗakin kaka. Yaro ya tafi yaye ya zarce. Gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba, 'yan uwa ba sa barin ɗakinta shiru, kowa ya miƙa mata nasa, ita za ta yi wa mace kayan ɗaki ta kai ta, ita za ta nema wa namiji aure. Mai wannan fili a hannun irin wannan gwaggo ya tashi, su shida ta riƙe, kuma sai da ya kai munzalin shiga sakandare ya san ba ita ta haife shi ba, ba don an ɓoye masa ba, sai don babu abin da ya taɓa sa shi tambaya. Ranar da ta rasu, waɗanda suka karɓi gaisuwa a ƙofar gida su ne waɗannan shidan. Wannan shi ne riƙon da aka gada. Na yanzu, inda ake zuwa ƙauye a ɗauko yarinya da sunan zumunci don a huta biyan 'yar aiki, bauta ce aka sa mata rigar zumunci, kuma masu yi sun san haka.

Wanda ya fi 'yar riƙo shan wuya shi ne tsintacce. A ce wani bawan Allah ya je Gidan Marayu na Nasarawa a Kano, ya bi ƙa'ida ya karɓi jariri, ya raine shi ya zama mutum, mai sallah mai sana'a. Ranar da ya je neman aure sai dangin yarinya su shiga bincike, su dawo da kalma ɗaya: ba shi da asali. An gama da shi ke nan. Wace aya ce ta ɗora wa jariri laifin wanda ya yar da shi? Mutanen da suka yi wa Saroo kuka, da ɗan Rano ne ya dawo yana neman 'yarsu, da yawansu ƙofa za su rufe.

Tsoron da mutane ke yi wa kalmar ɗaukar ɗa yana da tushe, kuma wannan fili ba zai raina shi ba. Kano ba ta manta watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka bayyana yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Sauna, Kawo, Yankaba da Dakata, aka sayar da su a Onitsha ta Jihar Anambra. An canza musu suna, an canza musu addini, wasu har Hausar ta gudu daga bakinsu. Gwamnan lokacin, Ganduje, ya kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, ɗan wannan yanki, don ta bi diddigin waɗanda suka ɓata tun daga 2010. A watan Yulin 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa Paul Owne, wanda ya amsa laifinsa, ɗaurin shekara 104. Aikin ɓarayi ne, ba na wata ƙabila ba. Amma duk wanda ya haɗa wannan da abin da Sue Brierley ta yi a kwando ɗaya bai yi adalci ba. Ɗaya ya raba yara da iyayen da ke raye suna nemansu, ya goge duk wata alama da za ta mayar da su gida. Ɗayar ta karɓi yaron da aka yi cigiyar danginsa aka rasa, ta manna masa taswirar ƙasarsu a bango. Idan an tsani na farko, maganinsa a tsare yara tun ba su ɓata ba, ba a bar marayu su girma a hannun ma'aikata ba.

Nan kuma dole a koma kan tsohuwar maganar da wasu suka gaji da ji a wannan fili. Mafarin ɓatan Saroo ba jirgin ƙasa ba ne, uba ne da ya juya wa iyalinsa baya har yara suka shiga yawon tasha neman abin kaiwa baki. A tsaya a kowace tasha tsakanin Kibiya, Rano da Bunkure bayan an kawar da amfanin gona, a ƙirga yara masu shekarun Saroo da ake lodawa a mota da allo da ɗan buhu, za a kai su gari mai nisa. Tambayi ɗaya daga cikinsu sunan ubansa, ya ce Baba. Tambaye shi garinsu, ya faɗi sunan da ƙauye goma ke amsawa. Ba shi da takardar haihuwa, alhali ofishin Hukumar Ƙidaya na nan a sakatariyar ƙaramar hukuma. A da, idan aka tsinci yaro, gidan mai unguwa ake kai shi, a yi shela a masallaci, a kai cigiya Rediyon Kano, kafin dare an samu iyayensa, saboda gari ƙarami ne kowa ya san kowa. Yanzu mota ɗaya ta isa ta fitar da yaro daga jiha kafin a idar da sallar la'asar. A ƙarshen fim ɗin an rubuta cewa yara sama da 80,000 ke ɓata a Indiya duk shekara, 'yan kallo suka yi ta salati kamar abin a wata duniya yake faruwa.

Su ma 'yan Kannywood da nasu kason. Kishiyar uwa mai azabtar da maraya sun yi ta har an haddace, kullum a ƙarshe ta haukace ko ta makance, mai kallo ya tashi yana jin shi dai bai kai ta mugunta ba. Labarin mutumin kirki da ya riƙe ɗan wani da amana, da irin rikicin zuciyar da yaron ke shiga tsakanin gida biyu, shi ne ba a cika gani ba. Ga shi kuwa an taɓa yi: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, labarin yaron da aka sace ne, wani Balarabe ya riƙe shi kamar ɗansa ya ba shi ilimi, uwarsa kuma ta ratsa Sahara tana nemansa. Shekara 40 cur kafin Lion.

Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 aka yi ta, Kano ba ta sa hannu a tata ba sai watan Mayun 2023. Doka kuwa ba ta shiga tsakar gida da ƙafarta, sai an kai ta, kuma masu kai ta suna nan: Masarautar Rano, wadda tun 2024 ta ƙunshi Rano, Bunkure da Kibiya, da hakimanta da dagatanta da masu unguwanninta. Babu mai unguwar da bai san gidajen da ake riƙon marayu a unguwarsa ba. Ya buɗe littafi ya rubuta sunan kowane yaro, da sunan ubansa, da garin da uwarsa take, da makarantar da yake zuwa, inda babu makaranta ya kira mai riƙon ya tambaye shi dalili a gaban liman. Limaman Juma'a su ware huɗuba guda a kan bambancin canza nasaba da riƙon maraya, su faɗi maganar wasiyya da shayarwa ƙarara, su kuma faɗi hukuncin mai hana tsintacce aure. Iyaye su zaunar da duk yaron da ya fara magana su koya masa cikakken sunan ubansa da unguwarsu da ƙaramar hukumarsu.

Baffan yarinyar nan ta Kibiya yana karanta wannan fili, shi ya faɗa da bakinsa. Makarantar firamare tana bayan gidansa, tafiyar da ba ta kai ta zuwa rijiyar da take ɗiban ruwa ba. Ya kama hannunta ranar Litinin ya kai ta a rubuta sunanta.